Kafin Ka Sa Kaki, Haruna

Farin Dutse,
Gwaram.

Zuwa ga ɗana Haruna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da maigidanka na gareji da duk abokan aikinka na Birnin Kudu. Mu nan gida ƙalau muke, sai godiyar Allah. Ina roƙon Ubangiji ya tsare ka a hanyar da za ka kama ranar Asabar, ya kai ka barikin horo lafiya, ya haɗa ka da shugabanni masu tausayi da abokai na kirki.

Tun ranar da labari ya iso cewa sunanka ya fito cikin waɗanda aka ɗauka aikin soja, gidan nan bai huta ba. Innarka ta yi ta guɗa har muryarta ta dishe, yau kwana uku da hannu take kiran awaki. Kofur Tanko, tsohon sojan nan na bayan masallaci, ya tono tsohuwar hularsa daga ƙasan akwati, ya zo ƙofar gida ya ƙame ya sara mini, wai daga yau ni uban soja ne. Da ya zo sauke ƙafa sai gwiwa ta riƙe, sai da mutum biyu suka kama shi ya zauna a kan tabarma. Mun yi dariya har da hawaye, shi ma yana yi.

Ka san halina. Idan na bari sai mun haɗu a tasha, abin da zai fito daga bakina bai wuce "to, Allah ya kiyaye" ba, sannan in kama duban tayar mota kamar ni zan tuƙa ta. Shi ya sa na zauna a zaure da biro. Ba labarin gari zan ba ka ba, wannan Innarka za ta cika maka kunne da shi a waya. Wautar da na tafka a rayuwata zan faɗa maka, tunda ita ce dukiyar da na fi tarawa, kuma ba ta da amfani a wurina yanzu sai dai a wurinka.

Shekarar da kake goye, ina da shanun huɗa biyu, Goje da Ɗan Fari, ga garma mai kyau da na gada daga kakanka. Da muka gama aikin damina sai na jingine garmar a bayan rumbu, na jefa karkiyar a ƙasa kusa da ita, na ce gobe zan ɗauke. Goben nan ta kai wata biyar. Bakin garmar ya riga ya cinye tun a gona, tsatsa ta ƙarasa shi, gara kuma ta shiga karkiyar ta mai da ita gida. Sau uku Innarka tana yi mini magana. Na ukun tana tankaɗe ne, ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, "Malam, garmar nan fa tana kallonka."

Na ce, "Bar ta ta kalla, da sauran lokaci."

Na yi ranina a majalisa, ƙarƙashin tsamiyar bakin kasuwa, muna gyara duniya da baki. Babu gwamnatin da ba mu koya wa mulki ba a gindin tsamiyar nan.

Sai ruwa ya sauka da wuri, ruwa na gaske, wanda ya jiƙa ƙasa har ƙasa. Gari na wayewa kowa ya fito da shanunsa. Ni ma na fito da ƙarfina, na ɗaga karkiya, ta rabu biyu a hannuna, gari yana zuba daga cikinta. Na ɗaure garma a kan keke na nufi garin Sara wurin maƙeri. Ina isa na tarar da layin mutane irina, kowa da gurguwar garmarsa, kowa yana kauce wa idon ɗan'uwansa. Maƙerin ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ajiye guduma, ya ce, "Wata biyar ina zaune a nan ina korar ƙuda, ko mai sallama ban gani ba. Yau an yi ruwa, duk kun tuna ina da rai. To ku zauna, hannu biyu gare ni."

Kwana tara kafin layi ya zo kaina. Kafin in huɗe gonar gyaɗa in shuka, ruwan ya ɗauke na wani lokaci. Gyaɗar maƙwabta ta riga ta kama ƙasa, tawa kuwa ta fito jefi-jefi kamar gemun saurayi. Abin da na cire a shekarar bai kai a kira shi amfani ba. Ka lura, Haruna, ruwa bai cuce ni ba, ƙasa ba ta cuce ni ba. Ni ne na zauna.

Na kawo maka wannan ne saboda Kofur Tanko ya ce da wuya su ga bakanike irinka su bar shi, ƙila bayan horo a tura ka wajen motoci. Kullum muna ji a rediyo ana kuka, an shiga wani ƙauye, an kira a kawo ɗauki, ɗaukin bai iso ba sai da aka gama ɓarna. Wasu su ce kayan aiki ne babu, wasu su ce akwai amma sun lalace. Ni manomi ne, ban san gaskiyar abin da ke can sama ba, kuma sayen manyan kaya ba a hannunka yake ba. Amma akwai abin da zai kasance a hannunka: baƙin mai, da birki, da batir, da iskar taya. Wannan ba sai an yi taro a kansa ba.

Jiya da hantsi Kofur ya ba ni wani labari da ban taɓa ji daga bakinsa ba, duk surutunsa. Ya ce an taɓa ajiye su a wani gari can nesa, wata da watanni ko kare bai yi musu haushi ba. Zaman ya ishe su, sai shi da kansa ya cire batirin motarsu ya haɗa rediyo suna jin kiɗa. Ran nan da rana tsaka wani mutum ya shigo a guje, ya ce ɓarayi sun kora shanun ƙauyensu, yanzu-yanzun nan, ko rafi ba su haye ba. Aka mayar da batir, aka murza, mota ta yi shiru. Suka yi ta turi, ƙarti takwas da bindigogi a baya, har ta tashi. Ko da suka isa, sai sawun kofato. Ya ce ya shirya jin zagi, amma ba wanda ya zage su. Wata tsohuwa ce kawai ta fito da ƙwarya ta ce, "Sannunku da zuwa, 'ya'yana. Ku sha ruwa, kun sha hanya."

Kofur ya ce, "Malam Sabo, an taɓa harbina a cinya, amma bai yi mini zafin ruwan tsohuwar nan ba."

Don haka ranar da aka ce babu komai, ranar ce ta aikinka. Idan abokanka suna kwance a inuwa suna cewa da sauran lokaci, kai ka tashi ka buɗe kan mota. Za su yi maka dariya, su sa maka suna. Ka bar su, sunan ba zai kashe ka ba.

Yanzu bari in gaya maka yadda muka zama aminai da Baffanka Buba, Bafulatanin nan na rugar gabas da kake shan nonon shanunsa tun kana rarrafe. Kai ka buɗi ido ka gan mu muna cin tuwo a akushi ɗaya, ka ɗauka haka muka taso. To ba haka ba ne. Saura kaɗan in sa a ƙone masa ruga.

Gonarmu ta gabas tana bakin burtali, hanyar da shanu ke bi su gangara mashaya. A shekarun da ƙasa ta fara gajiya, takin zamani kuma ya fara fin ƙarfin talaka, sai na lura ƙasar burtalin nan baƙa ce wuluk, shanu sun shekara da shekaru suna zuba mata taki. Wata damina na ƙara layi biyu na huɗa a cikinta. Ba wanda ya yi magana. Dawar wurin ta fi ta ko'ina. Da shekara ta zagayo na ƙara uku. Haka na yi ta ci, kaɗan-kaɗan, har na manta ni ne nake ci. A raina gonata ce, haka Allah ya yi ta.

Wata rana da yamma, dawa ta fitar da kai, aka zo aka ce mini shanun Buba suna cikin gonata. Na zari sanda. Kafin in kai bakin gari samari sun biyo ni, wasu da gora, ɗaya har da galan ɗin fetur, ni kuma ban ce ya mayar ba. Wannan shirun nawa shi ne abin da na fi jin kunyarsa har yau. Muka tarar shanu sun tattake gefe guda, Buba yana ta fama ya fitar da su. Na buɗe baki na faɗi maganganun da ba zan rubuta su a takardar da ta fara da sallama ba.

Buba bai ɗaga sandarsa ba. Ya jingine ta, ya tako har gabana, ya kama hannuna kamar zai kai ni gidan biki. Ya ce, "Malam Sabo, zo ka gani." Ya ja ni cikin dawa har gindin wata tsohuwar aduwa. Ya dafa ta ya ce, "Ina yaro, babanka da babana suka tsaya a nan. Babanka ya ce daga aduwar nan zuwa yamma gona, daga nan zuwa gabas hanyar shanu. Ka tuna?"

Na tuna sarai, don ina wurin.

Ya ce, "To yau ga ta a tsakiyar dawarka. Abin da nake so ka gaya mini, ita ce ta taka ta shigo, ko gonar ce ta fita ta same ta?"

Wani dattijo cikin waɗanda suka biyo mu ya fashe da dariya. Sai wani ya kama. Ni ina tsaye da sanda, gumi yana bin bayana, na rasa inda zan sa fuskata. Daga ƙarshe ni ma dariyar ce ta ƙwace mini, don babu sauran abin yi. Mai galan ya juya da shi a hankali ya yi gida.

Muka zauna a gindin aduwar, ni da shi, har rana ta yi ja. A nan na fara jin abin da ban taɓa tsayawa na ji ba. Ya ce dajin da ubansa ya yi kiwo duk ya zama gonaki. Ya ce da rani sai ya sayar da saniya ya sayi dusa da harawa don sauran su rayu, kuma saniyar da yunwa ta rame, a kasuwar shanu ba ta da daraja, dillalai sai su yi ta zagaya ta suna taɓe baki. Ya ce ga ɓarayin shanu, mutum ya shekara talatin yana tara garke, a kore shi cikin yini ɗaya. Ya ce, "Kai kana kukan taki, ni ina kukan ciyawa. Takin yana wurina, ciyawar tana wurinka, amma mun zo da sanduna."

Da muka girbe dawar shekarar na mayar da burtali har aduwa. Shi kuma ya kawo garkensa suka sauka a gonata, suka cinye kara, suka bar mini taki. Haka muke yi har yau. Shi ya sa duk tsadar takin zamanin nan, gonar gabas ba ta taɓa ba ni kunya ba, mutane suna cewa wai ina da wani asiri. Asirina kashin shanun Buba ne.

Ɗana, ba mamaki wata rana a tura ka inda manoma da makiyaya suka ɗauki makami a kan juna, don abin ya yi yawa a ƙasar nan. Za ka sauka daga mota da bindiga, kowane ɓangare ya rugo yana rantsuwa shi aka zalunta. Kada ka yanke hukunci da ganin hular mutum ko jin harshensa. Kai ɗan manomi ne, zuciyarka za ta karkata wajen mai gona tun kafin ya buɗe baki. Ka riƙe ta. Ka tuna ubanka ma mai gona ne, yana ihu ya fi kowa, kuma shi ne marar gaskiya. Mafi yawan waɗanda za ka gani ba mugaye ba ne, mutane ne da rayuwa ta matse har suka daina ganin juna. Mugaye kam akwai su, kuma dominsu aka ba ka bindigar. Ka yi ƙoƙari ka bambance. Ni da sanda kawai na kusa yin abin da ba ya gyaruwa, balle kai da abin da za a rataya maka.

Goje kuwa, san nan ja da kake gani a hoton da ke ɗakin Innarka, ba tsufa ne ya kashe shi ba kamar yadda na bar ku kuka ɗauka. Ni ne, da bakina.

Ana tsakiyar huɗa ya fara ƙin abinci. Gashinsa ya tashi, idonsa ya faɗa. Na gani sarai. Amma lokacin mutane suna layi a kan in yi musu huɗa, kuma da abin da nake samu a nan nake ciyar da ku kafin sabon gero ya nuna. Na ji tsoron idan aka ji san ba shi da lafiya, kowa zai koma wurin wani. Maimakon in hau keke in je Gwaram in kira malamin dabbobi, sai na sayi wani ƙullin magani wurin mai talla a kasuwa, wanda ya rantse mini yana maganin komai, daga ciwon hanta har maye. Na ɗura wa Goje a ɓoye. Duk wanda ya tambaya in ce, "Lafiyarsa ƙalau, zafi ne kawai." Har Innarka na gaya wa haka. Ta dubi san, ta dube ni, ta ce, "To, Allah ya sa zafin ne."

Kwana na huɗu, a tsakiyar gonar mutane, Goje ya durƙusa da karkiya a wuya. Bai sake tashi ba. Da ƙyar aka samu aka sa masa wuƙa. Malamin dabbobin ya iso daga baya, ya duba, ya girgiza kai ya ce, "Malam, da ka kira ni ranar da ya fara ƙin ci, allura ce kawai." Na rasa sa, na rasa aikin da nake ɓoyon dominsa, mai gonar kuma ya rasa kwanakin shukarsa saboda ya yarda da maganata.

Abin da nake so ka ɗauka a nan shi ne: kada ka ce abu lafiya yake alhali ba lafiya ba. A aikinku an ce na gaba ba ya son jin "babu" ko "ta lalace". Wata rana oga zai tsaya a kanka, fuska a murtuke, ya ce, "Motar nan za ta iya tafiya?" Bakinka zai so ya ce e don a rabu lafiya. Idan ba za ta iya ba, ka ƙame, ka sara masa, ka ce, "Ranka ya daɗe, birkinta ba shi da kyau, a ba ni zuwa la'asar." Zai yi faɗa, ƙila ya sa ka tsallen kwaɗo. Ka yi tsallen. 'Ya'yan mutane ne za su hau bayan motar nan, kowannensu da uwar da ta yi guɗa ranar da aka ɗauke shi. Ina jin da kowane ƙaramin ma'aikaci zai faɗi gaskiyar abin da ke hannunsa, shi kuma na sama ya daure ya saurara, da rabin kukan da muke ji a rediyo ya ragu. Wannan ra'ayin manomi ne, amma na saye shi da sa guda.

Mu ma kada ka yi mana irin ta Goje. Idan ka ji jiki, ka ce ka ji jiki. Innarka tana gane ƙarya ta waya, na gwada.

Na san abin da ke cin ranka, don ka faɗa wa Innarka ita kuma ba ta ɓoye mini komai. Wai kana jin kamar guduwa ka yi ka bar ni da gona a lokacin da noma ya zama abin da ya zama. Gaskiya ne abin ba sauƙi. Bana hatsi ya faɗi a kasuwa, amma taki da maganin feshi da fetur ɗin injin ban-ruwa ba su ji labarin faɗuwar ba, suna nan inda suke. Mutum ya kai buhu kasuwar Sara, ya dawo da abin da bai kai nauyin guminsa ba. Buba ma haka, kullum garkensa raguwa yake. Wasu samarin garin nan sun jingine fartanya sun tafi birni acaɓa, ban kuma ga laifinsu ba.

Amma ka saurara. Riɗinmu na bana ya yi kyau, irin kyan da na daɗe ban gani ba. Rumbun gero ya cika har na sa an ɗaure ragowar dammunan a kan rumfa. Tunkiyar Innarka ta haifi tagwaye, ta sa musu suna Saje da Kofur. Ba ma cikin yunwa. Kuma ko a shekarar da muka shiga yunwar, ba dabarata ce ta fitar da mu ba. Shekarar ce na kwashe har irin shuka na kai kasuwa, na ce idan damina ta zo Allah zai kawo. Da damina ta zo na zauna na yi tagumi, sai ga Innarka ta fito daga ɗaki tana jan wata tukunya da ta liƙe bakinta da laka. Ta fasa, ga irin gero cikin toka, ko ƙwaro ɗaya bai taɓa ba. Ta ce, "Allah ya kawo, Malam. Tun kaka ya kawo, na ajiye maka." Matar da ta yi wannan tana nan tare da ni, don haka ka kwantar da hankalinka. Kai ma ka koyi halinta, ba nawa ba. Abin da za a riƙa ba ka, kada ka turo mana shi duka don a ce ɗan Malam Sabo ya zama wani. Ka liƙe bakin taka tukunyar.

Kuma ba barin gona ka yi ba. Akwai garuruwan da manoma ke da ƙasa, ga ruwa, ga ƙarfi, amma tsoro ya hana su fita ko bayan gari. Idan tsayuwarka ta sa wani tsoho irina ya fita ya yi shuka ya dawo gida lafiya, ka yi noman da ya fi nawa. Abu ɗaya kawai: ranar da aka tsayar da kai a shingen hanya, ka ga mota ta taho da buhuna ko da dabbobi, mutum yana zaune a sama ya rungume kayansa, ka san wahalar shekara guda ce a gabanka. Ka duba abin da aka ce ka duba, ka ce masa Allah ya ba da kasuwa, ka ɗaga masa hannu. Kada hannun nan ya miƙa don karɓa.

Saura magana ɗaya, ita ce na yi ta zagayawa tun farkon takardar nan.

Ranar da ka fara gaya mini kana son aikin soja, ka ga na ɗaure fuska na tashi na bar maka zauren. Ka ɗauka tsoro ne. Akwai tsoron, amma ba shi kaɗai ba ne. Haruna, ni ma na taɓa zuwa.

Ina saurayi, kafin in auri Innarka, aka yi shela za a ɗebi soja, a taru a wani fili a Birnin Kudu. Lokacin babu wanda ke kayar da ni a kokawa daga nan har Sara. Na cika gari da baki, na ce su shirya ganina cikin kaki. Ko sau ɗaya ban gwada gudu ba, a ganina ƙarfi ya isa. Da safen ranar na ce soja sai da ƙoshi, na zauna na share kwanon ɗanwake, na bi shi da fura. Na sa wani sabon takalmin roba da ban taɓa takawa ba. Aka jera mu, aka busa usur. Zagayen farko ni ne a gaba, har ina waiwaye ina yi wa na baya murmushi. A zagaye na biyu ɗanwake ya ce bai san zancen ba. Cikina ya murɗa, takalmi ya sale mini dunduniya, na ga filin yana juyawa. Na tsinci kaina a kwance a gindin wata bishiya, duk abin da na ci ya dawo. Wani saje ya zo ya tsaya a kaina, ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Ƙato, tashi ka koma gona. Can ma ana bukatar mutane."

Na dawo gida a ƙafa, takalmi a hannu. Da aka tambaye ni, na ce ai sun ɗauke ni, ni ne na ƙi, saboda babana ya tsufa babu mai taya shi noma. Aka yi ta sa mini albarka. Shekara kusan arba'in ke nan ina karɓar albarkar nan, duk wanda ya ce "Malam Sabo mai biyayya" sai in sunkuyar da kai, su ɗauka tawali'u ne. Innarka kaɗai ta sani, ita ma don na yi maganar cikin zazzaɓi ne.

Da ka zo da taka maganar, sai na ga filin nan a idona, na ji tsoron kada ɗana ya kwanta a gindin bishiyar da na kwanta. Ban sani ba ashe wata shida kana tashi bayan sallar asuba kana gudu a kan titin Birnin Kudu kafin ka buɗe gareji, har masu shayi suka sa maka suna Ba-ka-gajiya. Maigidanka ne ya gaya mini ranar da na je kai masa riɗi. Ya ce ranar gwajin, da ka gama zagayenka, ka koma ka kama hannun wani da ke shirin faɗuwa kuka ƙarasa tare. Ina jin haka na ce masa ina zuwa, na zagaya bayan garejin, na tsaya ina kallon bango har idona ya bushe.

Ni na faɗi a zagaye na biyu. Kai ka kai ƙarshe, har ka kai wani. Ka yafe mini ɗaure fuskar nan, ba da kai nake ba.

Ka riƙe mini sirrin na ɗan lokaci. Ranar da ka dawo hutun farko cikin kakinka, zan kama hannunka mu je majalisa, in tsayar da kai a gabansu, in ba su labarin ɗanwaken da bakina. Su yi dariyar da suka yi shekara arba'in ba su yi ba. A ranar ba za ta yi mini ciwo ba.

Ka riƙe salla a kan lokacinta, ko da a cikin takalmi ne. Ka ci abinci idan an ba ka, amma ban da ranar gudu. Innarka tana gaishe ka da hannu, tunda murya ba ta dawo ba, ta ce ƙuli-ƙuli da yajin da ke cikin jakar da ta haɗa maka ba na rabo ba ne, amma na san za ka raba. Baffanka Buba ya ce a gaya maka Allah ya kai ka, ya dawo da kai.

Allah ya tsare gabanka da bayanka, damanka da hagunka. Ya sa kada hannunka ya cuci marar laifi, kada na mugu ya same ka. Ya tsare duk waɗanda za ku tsaya a layi ɗaya da su, ya mayar da kowa ga iyayensa da ƙafafunsa. Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, mai gona ya yi noma, mai shanu ya yi kiwo. Na yafe maka duniya da lahira, na sa maka albarka. Ka tafi da farin cikina.

Wassalamu alaikum.

Ni ne mahaifinka,
Malam Sabo, Farin Dutse.